Turmin Inna Hajo a Bazaga

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da darakta ya kira ni buro, wato ofishinsa, a daminar 2005, ina ma'aikacin ɗaukar sauti a wani gidan rediyo a Konni. Na tarar da wani dattijon Bature ɗan Italiya. Darakta ya ce, "Sani, baƙonmu sautin daka yake nema. Gobe zai tafi, kada ka bar shi ya koma hannu wofi."

A mota baƙon ya ba ni labarinsa da Faransanci. Yana saurayi mawaƙin disko ne, kiɗan da ake rawa da shi a ƙasarsu. Da yayin ya wuce, muryar ma ta gaji, sai ya koma tsara wa finafinai kiɗa. Fim ɗin da ya kawo shi na manoman Sahel ne, kuma ya yi shekaru bai samu aiki irinsa ba. Har waƙa ya rera mini. Gaskiya gara da ya canza sana'a.

A Bazaga maigari ya haɗa mu da Inna Hajo, wadda ta fi kowa iya lugude. Sai dai shekarar yunwa ce, rumbuna sun bushe. Baƙon ya ce ba komai, a daka turmin haka nan, amon ya ma fi fita. Na fassara mata.

Ta dube ni, ta ce, "Ɗana, hwaɗa mishi ba mu daka wofi. In maƙwabta sunka ji taɓarya, cewa za su yi gidan Hajo an samu hatsi. Yara su taho da ƙwarya, mi zan ba su?"

Na gaya masa. Ni kuma kunya ta rufe ni. Ya naɗe wayoyinsa, muka koma kasuwar Konni, muka dawo da gero cike da bayan mota.

Kafin la'asar mata sun jeru, lugude ya kankama. Na kunna na'ura. Ana cikin haka maƙwabta suka fara sallama. Na ɗaga hannu zan tsayar da su don kada su ɓata sautin, sai ya riƙe ni, ya ce in bar su a ciki.

Ku sababbin ma'aikata, abin da na koya ke nan: kafin ku kafa makirufo, ku tambayi abin da sautin yake gaya wa masu jinsa. Ran nan babu ƙwaryar da ta fita gidan Inna Hajo wofi.