Dalmar da Na Kai Gida

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon sana'a a Birnin Ƙonni, sashen wutar sola da famfon gida, abin ya faru. Ɗiyata ba ta cika shekara biyu ba. Na yaye ta na bar ta wajen Inna a garinmu, can bayan Malbaza, ina zuwa ganinta duk Juma'a.

In muka fita aikin gwaji, mukan canza batiran da suka mutu a gidaje da shaguna, masu su kuma ba su damu da tsofaffin ba. Baba mai liƙin kwanoni ne da bokitai, ya taɓa ce mini dalmar cikin batir ta fi wadda yake samu a kasuwa. Sai na riƙa kai masa. Na kai uku. A gindin bedin da ke tsakar gidanmu, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro, yake fasa su da gatari, ya zubar da ruwan, ya narka dalmar a kasko. Ni har daɗi nake ji na kawo abin amfani.

Wata Talata da safe malaminmu, wanda muke ce wa Mushe, ya shigo da mataccen batir ya aje bisa tebur, hannunsa da safar roba. Ya ce aikinmu ba ya ƙarewa ga haɗa wuta, duk wanda ya sa batir a gidan mutane dole ya san inda zai ƙare in ya mutu. Ya ce dalma ba ta ruɓewa. Ƙurarta tana zama cikin ƙasa, yaro ya dafa, ya kai hannu baki. Ba a ganin komai nan take, sai daga baya: ciwon ciki, ƙin abinci, jinkirin magana, wani lokaci har suma.

Biro ya tsaya a hannuna. Gindin bedin nan shi ne wurin wasan ɗiyata. Kuma Juma'ar da ta wuce Inna ta ce mini ba ta cin kirki, tana yawan kuka tana riƙe ciki. Muka ce haƙora ne.

Mushe ya lura da ni. Ya matso ya ce, "Mi ya same ki?"

Na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini safar roba da buhuna ya ce, "Tashi ki tafi yanzu. Kar ki share wurin da tsintsiya. Ki jiƙa shi da ruwa tukuna, sannan ki kwashe ƙasar."

Ban san yadda na isa tasha ba. A mota, kowace tsayawa ji nake kamar in sauka in ruga. Daga Malbaza na hau kabu-kabu, ina ta ce wa mai babur ya ƙara wuta, ina salati.

Ana kiran azahar na shiga gida. Tana zaune a gindin bedin, da ɓallin baƙar robar batir a hannunta tana ɗibar ƙasa, ga ƙoƙon furarta kusa da ita. Na fizge ta har ta tsorata ta fasa ihu. Na wanke mata hannu da sabulu sau uku, na buɗe bakinta ina dubawa, ban ma san abin da nake nema ba.

Baba ya fito yana gyara hula. Da na yi masa bayani sai ya ce, "Ke, tun ba a haife ki ba nake narka dalma, ga ni lafiya lau."

Na durƙusa na ce, "Baba, kai babba ne. Kuma da can a rumfar kasuwa kake narkawa. Ni na kawo wanga abu cikin gida."

Ya daɗe yana kallon jikarsa. Sannan ya shiga ya ɗauko fartanya. Inna na yayyafa ruwa, shi yana kankare ƙasa, ni ina cika buhuna, har la'asar. Washegari ya ɗora su da ragowar batiran bisa amalanken jaki zuwa bakin titi, na kai su ɗakin da makarantarmu ke tara matattun batira.

A gidan likita, matar da ta duba ta ta ja fatar idonta ta ce jininta ya yi ƙasa. Ta ce ba su da na'urar auna dalma a jini. Ta ba mu maganin ƙarin jini, ta ce mu kula da abincinta, mu sa ido.

Sa idon nan ne ya fi komai wuya. Sa'o'inta suna surutu, ita daga "Inna" sai "ruwa". In ta yi shiru tana kallon bango, sai in tafa hannu in ga ko za ta waiwayo. In ta yi tuntuɓe, in ce shi ke nan. Har yau ban sani ba ko dalmar ce ta jinkirta mata baki ko haka Allah ya yi ta.

Bayan damina, wata Juma'a ina cin tuwo, akuya ta sa baki a kwandon wake. Ɗiyata ta miƙe da mazari a hannu ta ce, "Ke, bari, na Inna ne!" Na aje lomar da ke hannuna, na ce ta sake faɗi. Ta ƙi, ta bi akuyar da gudu.