Wanda Ya Amsa A Madadin Bitrus

Jama'a, wannan labarin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi tallahi ko gishiri ban ƙara masa ba. A shekarun tamanin ne, ina saurayi ina aiki a wata masaƙa a Kakuri cikin Kaduna, ina haya a Makera, zamanin da in aka busa jiniyar tashi sai ka ga kekuna sun cika titi har ba masaka tsinke. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, a bar kaza cikin gashinta.

A lokacin ne aka ce za a yi gasa tsakanin ma'aikatan kamfanoni, ba ƙwallo ba, ba dambe ba, gasar juriya ce ta 'yan kwanaki a daji. Ku yi tafiyar ƙasa da kaya a baya, ku hau keke, ku tuƙa kwale-kwale a kogin Kaduna, ku kwana inda rana ta faɗi muku. Kowane kamfani mutum huɗu, kuma dokar da ta fi tsanani ita ce, yadda kuka tashi ku huɗu haka za ku isa ku huɗu. In ɗaya ya sare a hanya, ko ku ne kuka zo na farko, an cire ku.

An ce yabon kai jahilci, to ku yi mini afuwa, amma mu huɗun nan da aka zaɓa ba kanwar lasa ba ne. Shugabanmu Saja Garba, tsohon soja ne da ke gadin ƙofar kamfani, mutum ne da in ya daka tsawa har injin saƙa sai ka ga kamar ya rage ƙara. Sai Isiyaku, ɗan siriri kamar sillen kara, amma in ya hau keke sai dai ka ga ƙurarsa. Sai ni, da ba na jin akwai wanda ya fi ni jimirin tafiyar ƙasa a duk Makera. Na huɗunmu Bitrus, mutumin wajen Zonkwa, injinsa na kusa da nawa a wurin aiki, kuma ni na tsaya kai da fata sai da aka sa shi. Ba shi da sauri, gaskiya ɗaya ce, amma ƙato ne mai ƙashin ƙarfi, shi ke ɗaukar jarkar ruwanmu a baya kamar an goya masa jariri.

Ranar da na je gidansa a Trikania ɗaukarsa don fara tirenin, wato atisayen gasar, matarsa Maman Ladi ta tare ni a ƙofar gida da tsohon ciki, ta ce, "Malam, kai ne ka sa mini mutum a wannan wahala ko? To yadda ka ɗauke shi, haka za ka dawo mini da shi."

Na yi dariya na ce, "Madam, amana ce, na karɓa." Da wasa na faɗa, amma Allah ya sani maganar ta zauna mini a ƙirji.

Duk ranar da ba mu da shif a masaƙa, daji muke shiga ta bayan unguwar Romi, mu bi sahu ɗaya: Saja a gaba, Isiyaku, ni, Bitrus a ƙarshe. Saja ya kafa mana doka, ba a waiwaye. Isiyaku ya taɓa ce masa ai Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, ya harare shi ya ce, "Wannan na farar hula ne. Wanda ya waiwaya ya yi tuntuɓe, wanda ya yi tuntuɓe ya karya sahu." Maimakon haka, lokaci-lokaci sai ya ɗaga murya daga gaba ya ce, "Na baya!" shi kuma na ƙarshe ya amsa, "Lafiya ƙalau!" shi ke nan mun san muna nan cif.

To ga inda abin dariyar yake. Bitrus ya iya Hausa kamar me, har habaici yana yi, amma harshensa ya ƙi ƙa. "Lafiya kalau" yake cewa. Na sha zaunar da shi a kantin kamfani in ce ya ce ƙaiƙayi, ya murɗe baki ya ce kaikayi, mu yi ta dariya, shi kuma ya rama ya ce in gaishe shi da yarensu, in kwaɓa, ya ce na zagi kakarsa. Har sunan ya bi shi, a masaƙa kowa Kalau yake ce masa.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen damina ne, gamba ta yi tsawon da ta shanye mutum, gasa kuma ta matso. Saja ya ce yau doguwar tafiya za mu yi da cikakken kaya. Mun yi nisa sosai, mun sallaci azahar a kan wani fa, Bitrus yana zaune yana gadin kaya yana cin gyaɗa, sannan muka juyo gida. Rana tsaka fa nake gaya muku, tana dukan ƙeya, sai dai can gabas hadari ya haɗu, da alama an sha ruwa a wani wuri.

Muna cikin ciyawar nan Saja ya ce, "Na baya!" aka amsa. Muka ci gaba, ina jin takun takalmin kambas a bayana, ina jin ruwan jarka yana ƙulum-ƙulum, har na ce a raina kai, yau Bitrus ya yi abin kai, ko tazara bai bari ba. Can Saja ya sake kira, aka sake amsawa, sai na ji wani abu ya tsaya mini a rai, na rasa ko mene ne, kamar ka ci tuwo ka tauna tsakuwa. Da aka yi kira na gaba sai na kasa kunne da kyau.

"Lafiya ƙalau!"

Ƙalau, jama'a. Ƙa ɗin nan ta fito tas kamar daga bakin Bakanon cikin badala. Muryar Bitrus ce, ba shakka, kaurinta da komai, amma babu haki a cikinta ko kaɗan, alhali mu duka numfashi muke da ƙyar. Na ce, "Kalau, yaushe ka koyi Hausa?" Shiru, sai takun ƙafa da ƙarar ruwan jarka. Ni dai ban san lokacin da na taka dokar Saja na juya gaba ɗaya ba.

Ba kowa. Wallahi ba kowa, sai 'yar hanyar da muka ratso da ciyawa tana komawa tana rufewa. Takun ya ɗauke. Shi kuwa Saja bai san me ake ciki ba, ya sake ƙwala kira daga gaba, ina tsaye idona biyu ina kallon fili, aka amsa daga daidai gaban fuskata, kusa da ni kamar in miƙa hannu in taɓa, "Lafiya ƙalau!"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ita na ja da ƙarfi har su Saja suka dawo da gudu. Saja ya buɗe baki zai yi mini faɗa, ya duba bayana, bakin ya tsaya a buɗe. Ya ce, "Ina Bitrus? Yanzu ya amsa mini." Na ce, "Oga, ba shi ya amsa ba. Ka taɓa jin Bitrus ya ce ƙalau?" Sai na ga tsohon soja, mutumin da ya ga yaƙi da idonsa, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Isiyaku kuwa har ya sauke jaka, ƙiris yake jira ya arce, yana cewa, "Mu je Romi mu kira mutane, don Allah mu je, wannan ba wurin tsayawa ba ne."

Ban ga laifinsa ba. Amma na tuna matar nan a ƙofar gida, na kuma dubi hadarin gabas, na san kafin mu je gari mu dawo komai na iya faruwa. Na ce, "Ni dai ba zan shiga Trikania ba tare da shi ba. Wanda zai tafi ga hanya." Saja ya dube ni, ya dubi Isiyaku, ya gyara tsayuwa ya ce, "Ɗauki jakarka. Mu huɗu muka fito." Har gobe ina alfahari da abin da ya biyo baya, domin Isiyaku, yana hawaye yana komai, ya sunkuya ya ɗauki jakar nan, ya kama bayan singiletina, Saja ya kama nasa, muka koma cikin ciyawar ni ne a gaba.

Muka yi ta kiran sunansa, shiru. Sai Saja ya ce a yi kiran da ya saba da shi, ya cika ƙirji ya ce, "Na baya!" Nan da nan aka amsa daga hannun dama, ƙalau, raɗau, kamar mutum yana bayan wata bishiyar ɗorawa yana jiranmu. Isiyaku ya ja ni ta can, na fizge na ce kul, ba namu ba ne. Muka ci gaba da bin sawunmu, ina karanta duk abin da ya zo bakina, Saja yana kira, muryar nan tana bin mu tana amsawa, wani lokaci dama, wani lokaci gabanmu, har da ƙarar jarka. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai can, bayan ta gama amsawa, na ji wata 'yar murya ƙasa-ƙasa daga hagu, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya.

"Lafiya... kalau."

Kai! Ban taɓa jin daɗin gurɓatacciyar Hausa ba irin na ranar. Muka keta ciyawa muka nufi wurin, sai ga wani kwazazzabo mai zurfi da ruwa ya ci, wanda ke gangarawa rafin Romi, ga Bitrus can ƙasa a kwance, ƙafarsa ta maƙale a saiwar itace, goshinsa a fashe, jarkar tana bayansa a tsage, ba ɗigon ruwa a ciki. Jan ruwan da aka yi a gabas kuwa ya fara sauka, ya kai masa ƙirji. Ku ji fa, mutum yana wannan hali yana cewa lafiya kalau! Daga baya na tambaye shi, ya ce to ai ita kaɗai ce amsar da Saja ya koya masa.

Muka kwance igiyar da muke ɗaure kaya, Saja ya ɗaura ta a ƙugunsa ya toƙare da dutse, ni na sauka, Isiyaku ya kwanta a baki yana jawo mu. Da adda na sare saiwar, ruwa yana dukan wuyana. Da muka fito da shi ba mu huta ba, muka zubar da rabin kaya, muka riƙa goyonsa bi da bi, ƙaton mutumin nan, har Isiyaku sillen kara sai da ya goya shi. Daga nan har bakin titin Romi ba wanda ya sake cewa na baya, kuma ba mu sake jin komai ba. Kafin magariba na tsayar da tasi a ƙofar gidansa, na ce wa Maman Ladi, "Ga amanarki, sai dai ta ɗan targaɗe." Ta zage ni tas, sannan ta fashe da kuka, sannan ta kawo mana kunun zaƙi.

Mutane a masaƙa suka ce a sauya shi, wai ƙafa ba za ta warke kan lokaci ba. Saja ya ce duk wanda ya sake maganar zai share fili da shi. Aka kai shi wajen mai ɗori, ta warke, muka shiga gasar, kuma daga ranar Saja da kansa ya mayar da shi tsakiya, shi ya koma ƙarshe. Ba mu zo na ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma kamfanoni da yawa da suka fi mu gudu an cire su, wannan ya bar nasa a hanya, wancan nasa ya suma, mu kuwa muka shigo fili mu huɗu kafaɗa da kafaɗa, ƙafafu duk sun yi bororo, ma'aikata suna ihu suna kiran Kalau, Kalau. A rayuwata ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan yammacin ba.

Sai bayan an yi sunan yaron da matarsa ta haifa ne Bitrus ya ba ni nasa labarin, muna zaune a kan benci a ƙofar gidansa. Ya ce shi bai taɓa ɓacewa daga sahu ba. Tunda muka tashi daga kan fa, bayanmu yake kallo, mu uku, ga singiletina, ga jakar Isiyaku, ga ƙeyar Saja, muka karkata hagu shi ma ya karkata, muka taka bakin kwazazzabon muka wuce kamar a kan titi, shi ma ya sa ƙafa. Yana faɗawa ya ɗaga kai yana kiranmu, ya ga muna tafiya, ba wanda ya juyo.

Na ce masa sai dai a yi ta addu'a, daji ba a rasa masu shi. Ya dubi cikin gida, inda matarsa ke yi wa jaririn wanka, sannan ya ce, "Malam, ba faɗuwar ce ke hana ni barci ba. Wancan da ya bi ku da muryata, da ba ka juya ba, kun shigo gari da shi, kowa ya kama hanyar gidansa. Shi wane gida zai je?"

Na tambayi malamai, shi ma ya tambayi fastonsu, kowa da abin da ya ce. Ni dai shawarata gare ku, in kun fita tafiya da mutane, daji ne ko gari, kada ku yarda da murya kawai. Ku tsaya, ku dubi fuskar na ƙarshenku da idonku, ku kama hannunsa, tun kafin ku kai ƙofar gidan wani. Allah ya tsare mu da abin da ido ba ya gani.