Baba Mai Ajiya da 'Yarsa Mai Kishin Matattu

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Ajiya yake buɗe ɗakinsa, can ƙarshen barandar bayan asibiti, kusa da wurin wanki. Sai ya buɗe tagogi, ya kakkaɓe kantoci, sannan ya bi jakunkuna ɗaya bayan ɗaya yana duba takardar da ya ɗaura wa kowacce. Kayan marasa lafiya ne da suka rasu ba wanda ya zo nema: takalma, tabarau, makullan gidajen da ba a san inda suke ba. Abin da aka ɗauke shi ya yi, ya rubuta ya ajiye. Shi kuwa shekara talatin da ɗaya yana bin sawun masu kayan. Direban motar asibiti ya shaida cewa Baba ya taɓa kai sandar wani tsoho ga ɗansa bayan shekara biyu yana cigiya. Ma'aikatan jinya sun ce ba su taɓa jin ya kira abin da ke ɗakin nan tarkace ba.

Kowa yana yabonsa, ban da babbar 'yarsa, malamar makaranta. Ita abin da ta sani, ranar da aka yaye su daga kwaleji kujerarsa babu kowa, ya tafi kai wa wata tsohuwa akwatin mijinta. A gida bai cika magana ba. Ya san lambar takalmin mutumin da ya rasu bara, amma sai an tuna masa ajin da jikokinsa suke. Ta sha faɗa wa mahaifiyarta, "Mama, mu dai sai mun mutu Baba zai san abin da ke cikin jakarmu." Mama takan yi dariya. Ita ba da wasa take faɗa ba.

Saura mako biyu ya yi ritaya, ya kira 'yar tasa. Idonsa ya yi rauni, kuma akwai jaka ɗaya da ba ya so ya bar wa magajinsa. Ta wata mata ce da aka kawo daga haɗarin mota wata takwas da suka wuce, ba waya, ba katin shaida. Ba ta farfaɗo ba har ta cika, asibiti ya yi mata sutura.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur ya fito da kayan a hankali: almakashi naɗe cikin tsumma, tef ɗin awo, kwalbar maɓallai, rigar yarinya da aka ɗinke saura hannu ɗaya, da wani ƙaramin littafi da ya sha ruwa.

"Bahaguwa ce," ya ce, "dubi inda almakashin ya goge. Karanta mini littafin, rubutun ya fi ƙarfin idona."

Awon mutane ne, shafi bayan shafi. Amma a can baya akwai awon mutum ɗaya, an rubuta "Auta" a sama. Auta shekara huɗu. Auta shekara biyar, ta ƙi tsayawa a auna ta. Auta shekara tara, kafaɗa irin ta babanta. Har zuwa sha biyu. Malama tana karantawa ta ɗaga kai, ta ga mahaifinta ya rufe ido ya karkato kunne, kamar ba abin da ya rage a duniya sai wannan awo. Tun da take ba ta taɓa ganin ya saurare ta haka ba. Kishi ya kama ta. Ta ji kunyar kanta, mace da 'ya'ya uku tana kishin matar da ke kabari da yarinyar da ba ta taɓa gani ba, amma kunyar ba ta kore kishin ba.

Duk da haka ita ce ta gane rigar. Koriya ce mai ratsin rawaya a wuya, irin ta wata makarantar 'yan mata da ta taɓa zuwa sa ido a jarrabawa, tafiyar awa uku a mota. Ta san da ta faɗa masa zai ɗauki hularsa su kama hanya. Haka kuwa aka yi.

Da suka isa, shugabar makarantar ba ta bari sun gama bayani ba. Ta san yarinyar, a wurin kakarta take. Uwar ta yi saɓani da tsohuwar ta fita da jakarta, ta ce za ta nemi aiki a wani gari. Tunda ba a sake jin ɗuriyarta ba, kowa ya ɗauka gudu ta yi. Yarinyar ma ta daina ambaton ta.

A tsakar gidan kakar, Baba ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo har fuskarsa ta zo daidai da ta yarinyar. "'Yata, mamarki ba ta guje ki ba. Allah ne ya karɓe ta a hanya. Ga rigarki, tana cikin ɗinka miki. Ga littafinta, ki duba shafin baya." Yarinyar ta karanta, ta rungume rigar ta fashe da kuka. Kakar ta zauna daɓas a ƙasa tana neman gafarar 'yarta. Baba bai tashi ba sai da ya gaya musu ranar da ta rasu da inda aka binne ta.

A mota Malama ta kasa riƙewa. "Baba, ni ba ka taɓa durƙusa mini ba."

Ya ce, "Na ga kina da uwa, kina da ni. Su ba su da kowa."

"Ina da kai, amma su suka samu."

Bai musa ba. Can ya ce, "Daga wata mai zuwa ba ni da inda zan je da safe. Ki zo ki faɗa mini duk abin da ban ji ba."

"Na shekara talatin ne fa."

"To ki zo da wuri."

Baba Mai Ajiya, kai ne mai riƙon amanar waɗanda ba za su dawo su tambaye ka ba. Kai ne ka mayar wa yarinya da uwarta bayan an gama yanke wa uwar hukunci. Mun san aikin nan bai zo a banza ba, iyalinka sun ba da nasu kason, kuma 'yarka ta ce a rubuta cewa har yanzu kishin bai gama sakinta ba. Mun rubuta, mun kuma gode mata tare da kai. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar hutawa. Duk wanda kayan wani suka faɗo hannunsa, ya riƙe su yadda ka riƙe, ya nemi masu su yadda ka nema. In ya koma gida kuma, ya zauna ya saurari na raye.