Na Ɗauka Sikila Layi Take Bi

Ni mutumin Rikoto ne a Zuru, ɗan tsohon soja, karatuna bai wuce sakandare ba. A lokacin ina ganin kaina gwanin lissafi, don ni nake raba wa abokaina ranakun golmo, noman da samari ke yi wa iyayen yarinyar da suke nema. Yau gonar surukin wane, gobe ta wane, ba wanda layi ke zuwa kansa sau biyu a jere.

Da aure ya matso, coci ta tura mu gwajin jini. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ni da yarinyar da zan aura duk muna ɗauke da ƙwayar sikila, kuma ɗaya cikin huɗu na 'ya'yanmu zai iya zuwa da ciwon. Tana faɗa tana kiran na bayanmu. Na ce a raina ba zan bar gumin da na zuba a gonar mahaifin yarinyar ba saboda ɗaya, alhali ga uku.

Ɗanmu na fari ya zo da ciwon. Matata ta ga yadda hannuwansa ke kumbura, yana kuka har muryarsa ta dushe, ta ce ita kam ta tsaya haka. Na zaunar da ita, na jera gyaɗa huɗu a tabarma, na ture ɗaya gefe, na ce ciwon ya ci rabonsa, sauran ukun namu ne. Ta tambaye ni ko cikinta ya san da wannan lissafin, ko ni zan kai masa sanarwa. Na yi dariya na ce ta bar wa masu ilimi. Ta yarda, don ni ne mijinta.

'Yarmu ta biyu ita ma sikila. Na koma asibiti ina faɗa cewa an yi mana ƙarya. Likita ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ba layi ba ne, kowane ciki sabon ɗiba ne, jini ba ya tuna yaron da ya gabata. Ya ce gidaje masu yawa aka haɗa aka samo adadin, a ciki akwai wanda bai samu ko ɗaya ba, akwai wanda duk nasa suka kamu. Na tuna gyaɗar da na ture. Ashe tana komawa cikin sauran.

Matata ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ina son 'ya'yana, ba na nadamar zuwansu. Abin da nake nadama shi ne tabbacin da na ba uwarsu ba tare da ina da shi ba. Duk wanda aka ba shi adadi a asibiti, kada ya tashi sai ya tambayi abin da yake nufi a gidansa shi kaɗai. Ni ban tambaya ba, kuma idan sanyi ya shigo, ba ƙashina ne yake ciwo ba.