Wane Baba Dogo Ya Kira

Auta mai gyaran takalma ne. Shekara talatin da huɗu ke nan yana zaune a shago ɗaya, ƙarƙashin matattakalar wani bene da ke kallon tashar mota. Shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma har ya yi furfura sunan bai sake shi ba. Shagon ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye: benci, keken ɗinki mai hannu, gwangwanin gam, basilla da zare, sai takalman da masu su suka manta jere a kan katako. Matarsa ta rasu da daɗewa ba su haihu ba, bai sake aure ba. Ran Lahadi shi ke fara isa coci, ya share, ya jera kujeru, sannan ya zauna a ta ƙarshe kusa da ƙofa, don in wata tsohuwa ta makara ya tashi ya ba ta.

Yayansa Injiniya ne, dattijon ikkilisiya, wanda ya zana ginin cocin da hannunsa. In ana maganar wanda Allah ya sa wa albarka a gidansu, shi ake nufi, shi ma bai taɓa musu ba. Ya sha yi wa ƙanin tayin aiki a kamfaninsa. Auta sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, in na tashi daga nan, ƙafafun unguwar nan wa za su kai wa ƙara?"

Injiniya ɗa ɗaya gare shi, ana ce masa Dogo. Tun yana ƙarami yake biyawa shagon in an tashi makaranta, kuma da Injiniya da Auta duk Baba yake ce musu. Wannan bai taɓa damun kowa ba, sai da ciwon ƙoda ya kwantar da shi yana da shekara ashirin da bakwai.

Mako bakwai ya yi a asibiti. Injiniya ya nemo ƙwararrun likitoci, ya bi sakamakon kowane gwaji, wayarsa ba ta huta ba. Auta kuwa da rana ta yi tsaka sai ya rufe shago, ya je ya zauna a gefen gado yana matsa wa Dogo ƙafa. Wata Talata da yamma, Injiniya yana ofishin likita a ƙarshen baranda ana shawarar canza asibiti, Dogo ya ce da nas ɗin da ke aiki, "A kira min Baba." Ta fita ta kira Auta, wanda ke wanke kofi a bakin famfo. Da Injiniya ya dawo, Dogo ya riga ya cika, an ja masa mayafi.

Daga ranar tambaya ɗaya ta zauna masa a ƙirji: wane Baba yaron ya kira?

Ya koma asibitin ya nemi nas ɗin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yallaɓai, Baba kawai ya ce. Ni dai na ɗauka shi ne mahaifin, don shi nake gani kullum."

Ya yi mata godiya, ya fito. A mota ya daɗe bai tada ta ba.

Injiniya bai san kishi ba a da, don bai ga wanda zai yi kishi da shi ba. Yanzu ga shi yana lura da abubuwan da ba su kai a lura da su ba. Masu ta'aziyya suna russuna masa su yi gaisuwa mai kyau, sannan su fita tsakar gida su rungume Auta su yi kuka. Abokan Dogo sun san inda shagon yake, wasunsu kuwa sai da aka yi musu kwatancen gidan Injiniya. Wata Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan nasara, ya ce ranar da za mu tsaya gaban Ubangiji ba tsawon abin da muka gina za a auna ba, sai wanda muka zauna kusa da shi lokacin da yake bukata. Fasto bai kalli kowa ba. Injiniya ne ya ji ƙeyarsa tana zafi, don ya san wanda ke zaune a kujerar baya. Shi kansa ya sha koyar da wannan darasi a ajin manya, da ayoyinsa a haddace. Sanin gaskiyarsa bai rage masa komai ba.

Matarsa ta gaji da ganinsa yana juya cokali a abinci. "Ka je ka tambaye shi mana. Ƙaninka ne, ba alƙali ba."

Ya je shagon, ya tarar da Auta yana fama da wata mai sayar da atamfa da ta kawo takalmi.

"Wannan karo na biyar ke nan, Uwar ɗaki," in ji Auta. "Zarena ya fi fatar yawa. Yanzu takalmin nawa ne, aro nake ba ki."

"Ɗinka dai, sarkin surutu. Da hannunka yana sauri kamar bakinka da tuni na isa kasuwa."

Da ta tafi, Auta ya goge benci da gefen rigarsa. "Zauna, Yaya. Ka rame."

Injiniya ya zauna, gwiwoyinsa suna taɓa keken ɗinki. "Ranar nan, da ka shiga. Ni yake nema ko kai?"

Auta ya ajiye basilla. "Ban sani ba, Yaya. Idonsa a rufe yake. Na kama hannunsa, ya ce Baba."

"Sai ka amsa."

"Na amsa. Amma ban ce na'am ba. Cewa na yi, 'Ina jinka,' yadda kake amsa masa, har da ɗan gyaran muryar nan taka. Na ce a raina in kai yake nema, kada ya tafi yana zaton ba ka zo ba."

"Sai ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Ya dai matse hannuna."

Injiniya ya dubi hannun da ke kan gwiwar ƙanin: kanta a tafi, tabon basilla a kowane yatsa, busasshen gam a gindin farce. Ko makaho ya riƙe wannan hannu ya san ba na mai riƙe alƙalami ba ne. Dogo ya san wanda ya riƙe shi. Ko ya kuma gane muryar wa aka aro masa, wannan ba mai iya faɗa yanzu.

"Har wannan ma kai ka yi min," in ji shi, kuma shi kansa bai san ko godiya ce ko ƙorafi ba.

"Da ka fi ni iyawa, Yaya. Kai ne dai ba a kira ba."

Kishin Injiniya yana nan inda yake, bai motsa ba. Wani direba ya leƙo da takalmi a hannu, ya ga babban mutum a kan benci, ya ja baya.

"Shigo," in ji Injiniya, ya matsa gefe. "Ni ba aiki na kawo ba. Zama na zo yi."