Sujadar Bankwana a Ƙarƙashin Zanar Albasa

Ko zan manta da komai na zaman da na yi a ƙasar Sakkwato, ranar da muka yi wa Baba sujadar bankwana a cocin da ba shi da rufi ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina aikin jinya a Shagari. Mu Kiristocin yankin ba mu da yawa, kuma yawancinmu aiki ne ya kawo mu: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, sai wasu masu sayar da kayan gyaran babur. Duk Lahadi nakan shiga mota in tafi Bodinga, inda muke da ɗan cocinmu a bakin gari, daf da fadama. Tsohon ginin ƙasa ne, kwanonsa duk ya yi tsatsa. Da damina ana wa'azi muna jan benci don gudun yoyo. Da bazara kuwa mata masu goyo ba sa iya zama ciki, in sun fito waje kuma babu ko itace ɗaya da za su fake.

Baba shi ne dattijon ikilisiyarmu. Mutumin ƙasar Zuru ne, koyarwa ta kawo shi tun yana saurayi, ya yi ritaya bai koma gida ba. Shi ya matsa mana sai mun gyara wurin. Muka ɗaga bango da bulo, muka faɗaɗa tagogi, muka gina bayan gida, zumuntar mata kuma ta shuka dogon yaro a filin gaba. Baba da kansa yake ba itatuwan ruwa, yana jan ƙafa da bokiti, ba ya yarda a karɓe masa. Bayan kaka aka kware tsohon kwano, kafinta ya kafa katakon sabon rufi, sai aiki ya tsaya nan don ƙarfinmu ya ƙare. Muka koma yin sujada da sassafe, mu watse kafin rana ta yi zafi.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, Baba ya kwanta ciwo. Aka kai shi asibiti a Sakkwato, bai tashi ba.

'Ya'yansa suka zo daga garuruwan da suke aiki. Babban ɗan ya ce a yi sujada a wani babban coci cikin Sakkwato, inda akwai fanka da kujeru, daga nan a wuce da gawa gida. Gaskiya ni ma ra'ayina ke nan. Gawar ba za ta iso Bodinga ba sai wajen tsakar rana, ga tsofaffi da yawa za su zo, kuma na san abin da zafin Sakkwato yake yi wa mai hawan jini. Amma Mama, matar marigayin, wadda tun rasuwar ba ta cika magana ba, sai ta ɗaga kai.

"A nan ya yi wa Ubangiji hidima," in ji ta. "A nan za a yi masa bankwana."

"Mama, wurin ba rufi fa. Rana za ta kashe mutane."

"Ubanku bai ji kunyar wurin nan yana da rai ba. Ku ne za ku ji masa kunya yanzu?"

Haka aka tsayar. Muka nemi rumfunan haya, aka ce an kwashe su zuwa wani biki. Na koma Shagari da nauyi a zuciya, na haɗa ruwan gishiri da sukari da abin awon jini, don na riga na sa a raina sai wani ya faɗi.

Ranar sujadar na iso da wuri, muna share fili ni da wasu mata, sai ga amalanken shanu ya tsaya a bakin coci, shaƙe da zana. A bayansa wani dattijo ne Musulmi, maƙwabcin cocinmu mai noman albasa a fadamar, tare da 'ya'yansa magidanta. Gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi a da. Ya yi sallama, ya tsaya daga waje.

"Mun ji abin da yaf faru, Allah shi ba ku haƙuri," in ji shi. "An ce nan za ku kawo Malam. Ku ba mu izini mu aza wanga zana bisa katako."

Na dubi zanar, na ga ɓawon albasa maƙale a jikinta. Lokacin cirar albasa ne, kuma da ita suke rufe abin da suka tara a gona don kada rana ta dafa shi. Na ce, "Alhaji, albasarku fa?"

"Albasa ta yi haƙuri, Malama. Wanga bawan Allah shi yak koya ma ɗiyana karatu. Ba mu zama muna kallo a aje shi cikin rana."

'Ya'yansa suka hau katako, samarinmu suna miƙa musu zana daga ƙasa, ana ɗaurewa da igiya. Ba a yi wata hira ba, sai "miƙo" da "ja nan". Kafin motar gawa ta iso an rufe cocin daga wannan bango zuwa wancan.

Ban taɓa zama a sujada irin ta ranar ba. Haske yana ratsowa ta ƙananan ƙofofin zana yana sauka a kan akwatin. Iska tana shigowa ta sababbin tagogi, ɗakin duk yana warin albasa. Fasto ya karanta Littafi, mata suka ɗauki waƙa a hankali. Ni kuwa idona yana kan tsofaffi, amma babu wanda ya faɗi. Jakar kayan jinyar da na zo da ita ko buɗe ta ban yi ba.

Da aka fito da akwatin, sai muka tarar da Alhaji da mutanensa zaune a gindin bango. Ba su shiga ba, ba su kuma tafi ba. Suka miƙe tsaye har aka sa gawar a mota. Babban ɗan Baba, wanda ya so a kai sujadar birni, ya je gaban tsohon ya durƙusa, ya buɗe baki zai yi godiya, kuka ya ci ƙarfinsa. Alhaji ya dafa kansa ya ce, "Tashi, ɗana. Ubanka namu ne. Allah shi kai ku gida lahiya."

Daga baya na ji cewa rana ta ɓata wani sashe na albasarsa. Na je gonar na yi masa jaje, ya kaɗa hannu ya ce, "Bari wagga magana," ya shiga tambayata yadda Mama take. Kafin ruwan farko ya sauka 'ya'yan Baba da ikilisiya suka haɗa hannu aka buga kwano. Ba a daɗe ba aka yi mini canjin wurin aiki.

Na shiga manyan coci-coci bayan nan, na kuma zauna a taron gyaran gini da dama, inda akan yi ta gardama kan fenti da tayil. Duk abin a yi ne, ban raina ba. Amma abin da ranar nan ta koya mini shi ne, kafin ikilisiya ta tsaya da ƙafarta a ƙasar da ta je baƙunci, sai wani daga cikinta ya yi shekaru yana zaman mutunci da maƙwabta. Wannan aikin ba kafinta ke yin sa ba, kuma ba a gane an yi shi sai ranar da mai aikin ya rasu.