Ƙirga Goma Sha Huɗu Kafin Giya Ta Kama

Mijin yayata direba ne a gidan buga bulo, shekara goma sha tara yana jan mota ɗaya. Abokan aikinsa Sammako suke ce masa, don mai gadi bai gama naɗe tabarma ba zai gan shi a bakin ƙofa. Ni kuwa Yaya nake ce masa. Irin mutanen nan ne da in ka taka su, su za su ba ka haƙuri, kuma halin nan nasa ya sha ƙona min rai.

Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun wani hatsari da ya yi yana saurayi. Tana kai shi inda za shi, amma ba ta iya taka kuloci. Motoci biyar ne a gidan bulon, huɗu masu kuloci, ɗaya tal mai canza giya da kanta, tsohuwa, fentinta duk ya koɗe. Ita ce tasa. Kowa ya san ranar da motar nan ta kwanta, Yaya gida zai koma ya zauna, ga 'ya'ya shida.

Ni bakanike ne, giyabos, wato akwatin giya, na fi sani, kuma na gaji da shi. Shekara ashirin ina kwance ƙarƙashin motocin mutane, har bayana ya riga ni tsufa. Rannan mai gidan bulon ya aiko a kira ni. Wai motar Yaya ta sulalo baya a gangaren wajen lodi, ta daki katanga, saura ƙiris ta matse wani lebura.

"Ka duba min ita," ya ce. "In ƙaramin ciwo ne, a gyara. In sai an sauke giyabos, faɗa min gaskiya in sayar wa masu sayen ƙarfe."

Da hantsi na fara. Na ta da ita, na zaro sandar awon man giya. Man ya cika, sai dai jan launinsa ya koma ruwan ƙasa, da ɗan ƙauri. Na taka birki na sa giyar gaba, ta kama nan take. Ribas ma haka. Na canza matatar mai don kar a ce ban yi komai ba, na tafi.

Washegari na dawo ƙarfe bakwai, don irin wannan ciwo da safe yake nuna kansa. Robobin cikin giyabos in sun tsufa sandarewa suke yi, mai ya yi ta zurarewa, ba sa riƙe shi sai sun ji ɗumi. Na dafa bonet, na ji zafi rau.

"Yaya, wa ya ta da ita?"

"Ni ne. Tsayuwa na ɗan gyara mata."

Kwana uku muna wannan wasan ɓuya. In na zo bakwai, shi ya zo shida. Rana ta huɗu na karɓi ɗaya makullin a hannun maigidan, na zo gari bai gama wayewa ba. Da Yaya ya shigo yana jan ƙafa, a kujerarsa ya same ni.

"In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana," na ce. Bai yi dariya ba. Ya zagaya ya hau ɗaya kujerar.

Na murza makulli, na sa giyar gaba, na fara ƙirga a fili. Ɗaya, biyu, uku. Injin na ta kuka, motar ko motsi. Sai da na kai goma sha huɗu sannan ta zabura, ta kama da ƙarfi har kawunanmu suka gyaɗa.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu ke nan. Kullum sai na ɗumama ta kusan awa guda kafin kowa ya zo. Ranar katangar nan yayarka ce ba lafiya, na makara."

Raina ya ɓaci, na hau shi da faɗa kamar ba shi ne babba ba. Ga ni bakanike a cikin gida, me ya hana shi faɗa min? Ya bari na gama tsaf.

"Da na faɗa maka, ƙanina, me za ka ce?"

Ya san amsar: sai an sauke giyabos.

"Ka ce wa maigidan matatar ce," ya ce a hankali. "Ai ka riga ka canza ta. Ni kuma ba zan sake makara ba."

"Ranar da ka makara fa, Yaya? Leburan nan ma da iyalinsa."

Ya kalli katangar da ta tsage.

Na faɗa wa maigidan gaskiya. Na roƙe shi ya nemo kayan gyara kawai, aikin ni zan yi kyauta. Ya ce kayan wannan motar ko a kasuwa an manta sunansu. Bayan mako guda aka zo aka ja ta. Yayata har yau in na gaishe ta, ciki-ciki take amsawa, kuma ban ga laifinta ba.

Shekaranjiya Yaya ya zo garejina. Ina kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake hange. Muka gaisa, ya ce in ci gaba da aikina. Na ga ƙafafun sun nufi ƙaramar motar wani kwastoma, sun shige ciki. Can na ji kuloci ya sauka rabi, ya dawo. Ya sake sauka rabi, ya dawo. Sau uku. Sannan ya fito ya rufe ƙofa a hankali.

"Ƙanina, kulocin nan ya yi tauri. Ka duba wa mai ita."

Da safen ranar na sa shi sabo, da yatsa biyu ma sai ka danna shi.

"To, Yaya, zan duba," na ce. Ban fito daga ƙarƙashin motar ba sai da ya tafi.